Kada Ku Hura Wuta Da Leda

Jama'ar ƙasar Kaugama, akwai wata al'ada da ta shigo gidajenmu wadda a ganina ya kamata a bar ta. In damina ta yi nisa, itace ya jiƙe, sai uwargida ta cusa leda ko guntun silifa a murhu don wuta ta kama maza. Lalle tana kamawa. Amma baƙin hayaƙin nan guba ne. Yana sa tari da ciwon ido, yana tayar wa mai asma ciwonsa, kuma yaron da ke goye shi ma yana shaƙa. Leda in ta narke ta ɗiga a fata, mannewa take yi, ƙunarta kuwa tana da wuyar jiyya a ɗakin shan magani. Fetur kam, ko kusa kada a kai shi murhu.

Abin hura wuta yana nan cikin gidanku, ba sai da kuɗi ba. Ku tara totuwar masara da kaka. Ku yayyaga tsumman auduga, ku tsoma shi cikin ragowar man tuya ko narkakken guntun kyandir, ku naɗa a jikin totuwar. Sai dai a tabbata na auduga ne, gama yadin roba narkewa yake kamar leda. Totuwa guda ta isa ta kama ƙirare.

Masu zama kusa da fadamar Kogin Haɗeja, busasshiyar kacala ma tana yi.

A adana su cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu, inda hannun yara ba ya kaiwa.