Almami Samori da ciwon huhun da ya kashe shi a hannun Faransawa

Ranar 2 ga Yuni, 1900, Almami Samori Ture ya rasu a Ndjole, wani gari a bakin kogin Ogowe a ƙasar Gabon. Littattafan tarihi kan ce ciwon huhu ne ajalinsa, su wuce, kamar dai tsoho ne ya kwanta a ɗakinsa cikin iyalinsa rai ya yi halinsa. Wannan gajeren bayani ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutumin nan fursunan yaƙi ne, kuma waɗanda suka kama shi su ne suka zaɓa masa wurin da cutar ta same shi.

Soja ne tun kafin ya zama sarki. An haife shi wajen 1830 a ƙasar Gini ta yau, ya fara da fatauci. Da aka kama mahaifiyarsa a wani hari, sai ya shiga rundunar waɗanda suka kama ta, ya yi musu aikin soja domin ya fanshe ta. A nan ya koyi yaƙi. Daga baya ya kafa daularsa, hedikwata a Bisandugu, da dakarun da ake kira sofa. Yana sayo bindigogi ta Saliyo, maƙeransa kuma suna kwance bindigar Bature, su duba kowane ƙarfe, su ƙera irinta. Daga 1882 zuwa 1898 Faransawa suna fama da shi.

Ba zan wanke shi tas ba. Samori ya kama bayi ya sayar don samun dawakai da makamai, kuma a 1897 ya rushe Kong, garin malamai da fatake. Jikokin waɗanda abin ya shafa suna da hakkin su tuna shi da ɗaci. Amma laifin fursuna ba ya sauke nauyin da ke wuyan mai tsaronsa.

An kama shi ranar 29 ga Satumba, 1898, a Gelemu, cikin Kwaddebuwa ta yau, lokacin da wata ƙaramar rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Gouraud ta shammaci sansaninsa. Ba a harbe shi ba. Aka ɗauki dattijo mai kusan shekara saba'in, wanda ya saba da hunturu da busasshiyar iska irin tamu, aka kai shi tsakiyar kurmi, inda ruwan sama ke zuba wata da watanni, tufa ba ta bushewa, tabarma kullum da danshi, sauro kuma ba ya hutu. Ga kewar gida, ga baƙin cikin faɗuwa. Bai cika shekara biyu a tsare ba ƙirji ya kama shi. Wanda duk ya taɓa jinyar tsoho mai ciwon huhu ya san yadda abin yake: zazzaɓi, tari mai tsaga haƙarƙari, numfashi sama-sama, har mutum ya kasa kwanciya sai a jingine.

Mun yarda ajali na Allah ne, amma sanadi yana da mai shi. Duniya ma ta amince da haka daga baya. Yarjejeniyar Geneva ta uku, ta 1949, ta ce fursunan da aka tsare a wurin da yanayinsa ke cutar da lafiyarsa dole a ɗauke shi zuwa wuri mafi dacewa, kuma kula da lafiyarsa wajibi ne a kan ƙasar da ke riƙe da shi. Dokar ta zo bayan Samori da kusan shekara hamsin, amma abin da ta hana shi ne ainihin abin da aka yi masa.

Mu ma mun san wannan salo. Turawan Ingila sun kai Sarkin Kano Alu Babba Lakwaja, can ya rasu a 1926, nesa da Kano.

A 1968 gwamnatin Gini ta Sekou Ture ta dawo da ƙasusuwan Samori Konakiri, aka yi masa makwanci cikin girmamawa. Abin da ya saura gyaran rubutu ne. Malaman tarihi da masu rubuta littattafan makaranta su daina tsayawa a kan "ya rasu da ciwon huhu". Su rubuta wa yara cikakken zance: ya rasu da ciwon huhu a Gabon yana fursunan Faransa, a wurin da suka kai shi ba da son ransa ba.