Chris Cornell ya fasa gita, ya binne murya

A fadarmu akwai wani abokina, tare muke a sashen nazarin harsuna, wanda ya rantse wai Scream, faifan da Chris Cornell ya fitar a watan Maris na 2009, jarumtaka ce wadda duniya ba ta gane ba. Dare biyu muna musu har shayi ya huce. Tunda baki bai raba mu ba, bari in rubuta.

Ga wanda bai san mutumin ba: Cornell shi ne mawaƙin Soundgarden, ƙungiyar rok da aka kafa a Siyatil ta Amurka a 1984. Su suka yi Superunknown a 1994, faifan da ke ɗauke da "Black Hole Sun". Sun watse a 1997, daga baya ya kafa Audioslave da makaɗa uku na Rage Against the Machine. Sai ga shi yana da shekara 44 ya miƙa kansa ga Timbaland, sarkin kiɗan rawa na lokacin. A bangon faifan ma ga shi nan ya yi tsalle, ya ɗaga gita zai rotsa ta da ƙasa.

Kada a haɗa ni da masu cewa ya ci amanar rok don ya yi kiɗan rawa. Wannan maganar banza ce, rok ba addini ba ne. Timbaland kuma gwani ne, Aaliyah da Missy Elliott shaida ne. Na'urar gyaran murya ma ba zunubi ba ce: Anar, faifan farko na Mdou Moctar namu, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, muryar cike da na'ura, kuma ya bi wayoyin mutane ya zagaya Sahel. Abin da ke ci mini rai daban ne.

Ku da kuke jin Hausa kun san aikin tsawon wasali. Ka ja wasalin farko na "gari", ka samu abin tuwo. Ka gajarta shi, ka samu Maraɗi ko Tawa. A Turanci tsawon da mawaƙi ya ba wasali ba ya sauya kalma haka, amma a bakin Cornell yana sauya waƙa. Duk arzikinsa a nan yake. Yakan kama wasali guda ya ja shi, ya hau da shi sama, ya bar shi ya tsage a maƙogwaro, kana jin numfashinsa na ƙarewa. Ka saurari amshin "Black Hole Sun" ko "Like a Stone", kalmomin ba su da yawa, jan ne ke ɗauke da baƙin cikin. To kiɗan Timbaland yankakke ne, gaɓa gajera bisa gaɓa gajera, kowace ta faɗa raminta kan bugu. Justin Timberlake, mai siririyar murya mai sauri, nan ne gidansa. Cornell kuwa, an yanyanka masa wasula kamar albasa, an jera muryarsa bisa muryarsa, an lulluɓe da na'ura. Ka ji "Part of Me": wallahi duk wani mawaƙin haya zai iya rera ta, ba wanda zai ce an yi rashi. Ga shi an ɗinke waƙoƙin da juna babu tsayawa, faifan ya zama kamar doguwar hanya marar tasha.

Abokina ya ce ai mutum na da ƴancin gwada sabon abu. Ƙwarai. Amma Cornell ya riga ya nuna mana yadda ake yi, shekara biyu kafin nan. A faifan Carry On na 2007 ya ɗauki "Billie Jean" ta Michael Jackson, waƙar rawa tsantsa, ya sassauta ta, ya buɗe mata wasula, sai ga tsoron da ke ɓoye cikin kalmomin ya fito fili. Can ya jawo kiɗan wani zuwa muryarsa. A Scream shi aka jawo. Kuma ina jarumtaka a zuwa wurin Timbaland bayan 2006, shekarar da ya yi wa Nelly Furtado da Timberlake faifan da suka cika kasuwa? Kowa can ya nufa. Wannan bin layi ne, malam.

Ya ce faifan ya shiga goman farko na Billboard. Haka ne, na goma ya zo a makon farko, sunan Cornell aka saya, sannan ya sulale.

Hujjata mafi ƙarfi tana cikin faifan kansa. A ƙarshe an ɓoye wata waƙa, "Two Drink Minimum", irin kiɗan bulus mai tafiya a hankali, wadda ya rubuta da John Mayer. Nan take muryar ta dawo da duk kaushinta, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya sha zafi. Waƙar da ta fi kowace kyau, ita ce ba a ma sa sunanta a jerin ba.

A 2010 Soundgarden ta sake haɗuwa. A 2011 ya fitar da Songbook, shi da gita kaɗai a gaban jama'a, gitar nan da ya yi barazanar fasawa. Ya rasu a watan Mayu na 2017. Na tura wa abokina ɓoyayyar waƙar a waya tun shekaranjiya, har yanzu bai ba ni amsa ba, kuma yau shi ke dafa shayi.