Maganar Bakinmu: Sallah, Tsarki da Hurumi

A wannan wata za mu duba kalmomin da muke kiran manyan ranaku da su.

Manomi a Batsari ko Safana ba ya cika cewa "hutu" idan yana nufin babbar rana. Hutu na ɗan makaranta ne da ma'aikacin gwamnati. Shi sai ya ce "sallah". Kalmar nan daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa ibada ce. Amma dubi yadda Bahaushe ya shimfiɗa ta: kayan sallah, tuwon sallah, goron sallah, hawan sallah. Har Kirsimeti ma, da yawa suna ce da ita sallar Kirista. Wato sunan ibada ya zama sunan murna. Asabar ma haka take, ta Larabci ta iso mana, amma tushenta Ibrananci ne, ma'anarta a dakatar da aiki.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Can arewacin Turai, inda sanyi ya yi gida, akwai Denmak da Norwe da Suwidin da tsibirin Aislan. Ba baƙi ba ne gare mu ƙwarai, gama Dokta Niels Bronnum, wanda ya sauka Numan a 1913, mutumin Denmak ne. A Suwidin da Norwe, Asabar da Lahadi ana kiransu "helg". A Aislan sai su ce "helgi". Ɗan makaranta yana faɗinta yana tsalle domin gobe babu aji, bai kuwa tuna ba cewa daga tsohuwar kalma "heilagr" ta fito, wato mai tsarki. Asabar ita kaɗai suna kiranta "ranar wanka". Iyaye mata, kun ji, ba yaranku ne kaɗai ake cuɗawa kafin Lahadi ba.

To, ga inda muka bambanta. Tsarki a Hausa yana tafiya da ruwa. Mutum ya yi tsarki, wato ya wanke ƙazanta. Wannan kalma ce aka ɗauka sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Su kuwa tasu kalmar ta fito daga "heill", abin da yake cikakke, lafiyayye, ba a fasa shi ba. Saboda haka a tsohuwar shari'ar Aislan kowane ɗa yana da "helgi" nasa, wato ba mai ikon taɓa shi. Wanda ya yi babban laifi sai a tuɓe masa wannan kariya, kowa ya kashe shi ba diyya. Wurin taron shari'a ma akan tsarkake shi, a hana faɗa a cikinsa.

Daga nan ranaku suka sami tasu kariya. Bikin tsakiyar hunturu da suke kira "Jul" ya girmi zuwan bishara ƙasarsu. Littattafan tarihinsu sun ce Sarki Hakon na Norwe, a ƙarni na 10, shi ya matsar da shi ya dace da Kirsimeti, sunan kuma ya zauna har yau. A Finlan, maƙwabciyarsu mai harshe dabam, akwai birnin Turku. Kowace ranar 24 ga Disamba da tsakar rana akan karanta shelar zaman lafiya na Kirsimeti a gaban jama'a. Al'adar ta faro tun ƙarni na 14. A dā, wanda ya yi laifi cikin kwanakin nan hukuncinsa ya fi na kullum nauyi. A 1939 yaƙi ya hana a karanta ta.

Ni a ganina, kalmarmu da ta fi kusa da wannan ba tsarki ba ce, hurumi ce. Hurumin gari fili ne da aka keɓe, ba mai nomawa, ba mai ginawa. 'Yar'uwar haram ce a Larabci, kuma daga tushen nan ne sunan watan Muharram ya fito, ɗaya daga cikin watanni huɗu masu alfarma da aka hana yaƙi a cikinsu. Kun ga, rana ma tana iya zama hurumi, kamar fili.

Mutanen gefen dajin Rugu sun fi kowa sanin abin da ake rasawa idan rana ta rasa huruminta. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, suka kashe mutum 30. Ranar Juma'a ce. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a Batsari da Safana da waɗansu ƙananan hukumomi, har ɗan da ke Legas ya kasa jin muryar uwarsa.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kalankuwa da buɗar dawa, bukukuwan da sunayensu ba aro ba ne.