Inda Assassin's Creed II ya fi na farko

Wasan Assassin's Creed da kamfanin Ubisoft ya fitar a 2007 yana da kyan gani, sai dai maimaici ya yi masa yawa: Altaïr ya saurari hira a ɓoye, ya yanki aljihu, ya kashe, sannan ya koma farko. Ko iyo bai iya ba.

Kashi na biyu, na 2009, ya gyara wannan. Ezio matashi ne a Italiya, wanda aka rataye mahaifinsa da 'yan'uwansa biyu, don haka kowane kisa yana da dalili. Yana iyo a ruwan Venice, yana raya garin Monteriggioni da kuɗinsa, Leonardo da Vinci kuma yana ƙera masa makamai. Wannan ne ya cancanci a kira shi ci gaba, domin masu wasa sun koka, kamfanin kuma ya saurara.