Maɓallin da ba ya jin taɓi ɗaya

Watan jiya muna tsakanin Madawa da Ƙonni cikin motar wani ɗan uwana, irin wadda ba a sa mata makulli sai dai a danna maɓalli, ƙaramin ɗansa da ke zaune a cinyata ya miƙa hannu ya taɓa maɓallin. Gabana ya faɗi. Motar ko gezau, ta ci gaba da gudunta. Uban ya yi dariya ya ce: "Ka gani ko, yaya? Wannan in tana tafiya babu mai iya kashe ta." Na ce to in ranar kashe ta ta zo fa? Sai ya yi shiru.

Maganarsa ba daidai ba ce, kuma na lura direbobi da yawa haka suka ɗauka. Masu ƙera motocin sun sa injin ya ƙi jin taɓi ɗaya in ana gudu, don kuskure irin na yaron nan. Amma sun bar hanyar gaggawa. A yawancin Toyota da Nissan, sai ka danne maɓallin ka riƙe na daƙiƙa biyu zuwa uku, ko ka danna shi sau uku da sauri. Tsofaffin Toyota masu maɓalli riƙewar daƙiƙa uku kawai suka sani. Ana rubuta wannan cikin littafin mota. To motocinmu da ke shigowa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, bayan sun tsufa a hannun wasu, nawa ne ke isowa da littafinsu? Wanda ya iso ma, da harshen da mai motar ba ya ji yake.

A watan Agusta na 2009, kusa da San Diego a Amurka, wani ɗan sandan hanya ya karɓi aron Lexus ES 350 daga inda ya kai tasa gyara. An shimfiɗa mata tabarmar roba ta wata motar daban, wadda ta fi wurin girma. Tabarmar ta maƙale totur a ƙasa, mota ta wuce kilomita 160 a awa, shi da matarsa da ƴarsu da surukinsa duk suka rasu. Mutum ne da tuƙi ne aikinsa, amma motar ba tasa ba ce. Bayan haka Toyota ta kira miliyoyin motoci saboda tabarmar ƙafa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne tabarmar. Mu nan, saboda yashi da ƙura, tabarma kan tabarma muke ɗorawa, wani har da guntun kafet, kuma yaran wankin mota ba sa mayar da ita kan ƙugiyarta.

Duk da haka ban yarda a koya wa mutane cewa kashe injin ne maganin farko ba. Ƙarfin da ke sa birki ya yi laushi daga injin yake zuwa. In ya mutu, taku ɗaya ko biyu ne za su yi sauƙi, daga nan birki ya zama kamar dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi. Mai makulli kuwa in ya murɗa har ƙarshe ya zare, sitiyarin na iya kullewa. In totur ya maƙale, abin yi shi ne ka taka birki da dukan ƙarfinka ka riƙe, kada ka riƙa takawa kana saki, domin haka ke ƙarar da ƙarfin. Ka tura giya zuwa N, ko ka taka kuloci in motar ta hannu ce. Injin zai yi ihu kamar zai fashe. Ƙyale shi, yana da abin da ke taƙaita juyinsa, kuma ko ya lalace ai ƙarfe ne. Ka gangara gefen hanya, ka tsaya, sannan ka kashe. Maɓallin yana zuwa ne in N ta ƙi shiga, ko ka ga hayaƙi da wuta.

Masu kashe mota a gangare don tsimin mai kuma, ɗabi'ar da aka gado tun zamanin tsofaffin Peugeot, su sani injin zamani da kansa yake yanke mai in ka ɗaga ƙafa daga totur kana cikin giya. Ba abin da suke tsimi sai birkin da suke hana kansu.

Shi ya sa nake ganin masu koyar da tuƙi sun bar giɓi. Ana ba yaro permi bayan ya koyi murɗa makulli a motar hannu, gobe ya shiga otomatik mai maɓalli ya nufi Damagaram da mutum biyar a ciki. Dillalan mota ma haka: sun iya nuna maka sanyin na'ura da ƙarar rediyo, ba mai ce maka ga yadda ake kashe ta a guje. Minti biyu ne bayanin.

Da muka tsaya salla a Ƙonni, na durƙusa na duba ƙarƙashin ƙafar ɗan uwan nawa. Tabarma biyu na tarar, ta sama ta zame har bakin totur. Na ciro ta na jefa bayan mota, shi kuwa yana ta ƙorafin kuɗin da ya saye ta.