GONA DA KASUWA: Tsutsar shu, a san cuta kafin a sayi magani

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani, shu, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira kabeji, ya samu gindin zama a garake da tukwanenmu. A Turai da Japan har akwai irinsa mai ganye ja da fari da ake shukawa don ado kawai, amma dangi ɗaya ne, kuma maƙiyansu ɗaya. A ƙasar Dakwaro, inda ruwa ke da nisa kuma kowace guga da gumi ake jawo ta, asarar fangali guda ba ƙaramin abu ba ne.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne, da an ga ganye ya lalace sai a ruga kasuwa neman magani, alhali ba a san abin da ya kama shi ba. Maƙiyan shu manya huɗu ne, kowane da alamarsa.

Na farko wata ƴar tsutsa ce koriya, wadda masana ke kira Plutella. Tana cin ganye daga ƙasa, ta bar fata sirirriya kamar tagar gilashi. In an taɓa ta sai ta yi mutsu-mutsu ta sulluɓo da zare. Cikin zafi, mako biyu zuwa uku sun ishe ta daga ƙwai zuwa haihuwa, shi ya sa take saurin sabawa da guba. Tun 1953 aka gano a tsibirin Java na Indunusiya cewa maganin DDT ya daina kashe ta.

Ta biyu, Hellula, zuciyar shuka take hudawa tun tana ƙarama. Shun da ta taɓa, maimakon ya naɗe kai ɗaya, sai ya tsiro ƙananan kawuna da ba mai saye. Na uku darɓa ce, wadda ke taruwa bayan ganye tana tsotse shi har ya nannaɗe. Na huɗu kuwa ba ƙwaro ba ne, ciwo ne: ganye ya yi rawaya daga baki, rawayar ta tsuke zuwa ciki kamar tsinin mashi, jijiyoyi su yi baƙi. Wannan ta iri da ruwa yake yaɗuwa, kuma ko an zazzage masa maganin ƙwari lita guda ba ya jin komi. Abin yi shi ne a tuge, a ƙone, a hana wurin shu shekara uku.

Ga tsutsa da darɓa, magani na tsaye bakin ƙofarmu, wato bedi. A daka rabin kilo na ƙwallon ƴaƴansa busassu, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece har bayan ganye, sau ɗaya kowane mako. Wurin renon iri kuma a rufe shi da gidan sauro. In abin ya faskara, a nemi malaman gidan gona. Cibiyar bincike ta INRAN ma tana nan Tarna, kusa da Maraɗi.

Yanzu kira gare ku ƴan kasuwa. Fiya-fiya da sauran kwalaben da ba su da takardar yardar kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari, ba kayan fesa wa abinci ba ne. Shu ɗanye ake cinsa cikin kwaɗo da salati, kuma wanda aka fesa jiya aka kai kasuwa yau, ƴaƴanku ma na iya cin sa. Ku kuwa ma'aikata masu cefane, ku daina raina shun da ke da ƴan huji: ganye sumul ba shi ne shaidar lafiya ba. Ku tambayi mai garka yaushe ya yi feshin ƙarshe. Ranar da masu saye suka fara tambaya, masu noma za su fara ƙidayar kwanaki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.