Kafin a Ba da Kwangilar Mutum-mutumi, a Duba Bishiyar Tukuna

Duk lokacin da aka shiga hada-hadar kasafin kuɗi, sai ka ji maganar "zamanantar da noma" ta cika ofisoshin Abuja. A 'yan shekarun nan an ƙara mata wani ado, wato mutum-mutumi mai ɗibar 'ya'yan itace. Mai rubuta wa minista takardar shawara ya kamata ya fara tambayar wace bishiya ake nufi, kuma a gonar wa take.

Mu ɗauki kwakwar manja. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da manja. Yau Indonesiya da Maleshiya sun yi mana fintinkau, har shigo da shi muke yi. To, Maleshiyar nan, da manyan gonakinta da aka shuka layi-layi, har gobe ɗan Adam ne ke sare mata nonon kwakwa da lauje a bakin doguwar sanda. Da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki a 2020, baƙin leburorin da suka fi yawa a gonakin suka yi ƙaranci, kwakwa ta riƙa ruɓewa a kan uwarta. Ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma niyya ba. Aikin ne ke da wuyar sha'ani: nonon yana maƙale a tsakanin rassa masu ƙaya, sai an gane ya nuna, sai an datse reshen da ya tare shi, sannan a saro abin da kan kai kilo 20 daga sama. A Amurka ma, kamfanin Abundant Robotics da ya ƙera na'urar tsinkar tuffa ya rufe a 2021, alhali tuffa ba ta da ƙaya.

Namu halin ya fi nasu tsanani. Mafi yawan manjanmu daga ƙananan manoma yake fitowa, da yawa kuma daga bishiyoyin da suka tsiro da kansu a kurmi, wata doguwa wata gajera, babu layi balle hanyar mota. Na'urar da aka ƙera don shimfiɗaɗɗiyar gona, ina za ta sa ƙafa a nan? In ta lalace, wane bakanike ne a ƙauyen Edo ko Akwa Ibom zai kwance ta? Mun dai ga taraktocin gwamnati da suka zama makwancin awaki saboda rashin kayan gyara.

Sai dai masu son na'ura suna da hujja guda da ba za a raina ba. Hawan kwakwa da igiya aiki ne da ke karya mutane, wani lokaci ya kashe su. Masu yin sa suna tsufa, matasa kuma sun gwammace acaɓa. Cewa a bar komai yadda yake saboda muna da yalwar jama'a, rashin tausayi ne.

Tsakanin igiya da mutum-mutumi akwai fili mai faɗi, kuma nan ya kamata kuɗin ya tafi. Lauje mai sandar alminiyam yana sauke mutum daga bishiya ya tsaya a ƙasa. Hukumar manja ta Maleshiya ta ƙera wuƙa mai ɗan inji da ake kira Cantas, don bishiyoyin da ba su yi tsawo sosai ba. Cibiyar NIFOR da ke kusa da Benin tana da irin tenera, wanda ya fi na kurmi mai. Ga kuma abin da ba ya shiga hoton bikin ƙaddamarwa: baro, da hanya, da injin matsa kusa da gona, domin kwakwar da ta wuce kwana biyu ba a sarrafa ta ba, manta ya fara lalacewa. Ba girin-girin ba dai, a yi mai.

Ba na cewa jami'o'inmu su daina binciken mutum-mutumi. Su yi, da kuɗin bincike. Amma kuɗin saye da rabawa a ba cibiyar NCAM ta Ilorin da NIFOR su gwada laujen da wuƙar a gonakin manoma na kaka ɗaya, a ƙirga nono nawa mutum ke sarewa a yini da kowanne, a kuma koya wa maƙeran Aba da Nnewi yin su a gida.